LAMBA MAI ALƘALUMA MILIYAN 41 DA TA ƘI RABUWA

Daga Wakilinmu

A ranar 21 ga watan Oktoba na shekarar 2024, wata ƙungiyar masu sha'awar ilmin lissafi ta ba da sanarwar cewa ɗaya daga cikin 'ya'yanta, wani mutum mai suna Luke Durant, mazaunin birnin San Jose a Jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ya gano wata lamba wadda ba a taɓa sanin irinta ba. Girma kaɗai ba ya sa lamba ta yi suna, domin kowace lamba aka kawo, yaro ɗan firamare zai iya ƙara mata ɗaya ya sami wadda ta fi ta. Abin da ya sa labarin wannan ya bazu shi ne, duk da girman nan nata, babu wata lamba da za ta raba ta daidai ba ragowa, in ban da 1 da ita kanta. A ranar da aka ba da sanarwar, ita ce mafi girma cikin dukkan lambobi masu irin wannan hali da ɗan Adam ya sani.

Domin mai karatu ya kwatanta girmanta, sai ya tuna cewa lambar 1,000 alƙaluma huɗu gare ta, miliyan ɗaya kuwa bakwai. Yawan mutanen duniya baki ɗaya, watau biliyan 8 da 'yan kai, alƙaluma goma sun isa a rubuta shi. Masana sararin samaniya sun ƙiyasta cewa ƙwayoyin zarra na dukkan taurarin da ake iya hangowa, in an ƙirga su, lamba mai alƙaluma 80 da ɗoriya kaɗan za ta ɗauke su. Ita kuwa lambar Durant alƙalumanta 41,024,320 ne.

In da za a ba wani akawu aikin rubuta ta, yana rubuta alƙalami ɗaya kowane sakan, awa takwas a yini, kwana biyar a mako, ba hutun salla ba na shekara, zai shafe kusan shekara biyar da rabi kafin ya gama. Zai cinye littattafan rubutu 513 masu shafi 80, in kowane shafi yana ɗaukar alƙaluma 1,000. In kuwa a layi ɗaya ya miƙe ta, alƙaluma biyu a kowace santimita, layin zai kai kilomita 205, watau ya zarce tazarar da ke tsakanin Kano da Katsina.

Ba shakka wanda ya ji haka zai tambaya, shin ina amfanin wannan wahala? Tambaya ce mai ƙarfi, amma kafin a amsa ta tilas a san mece ce lambar, da kuma yadda aka tabbatar da halinta alhali babu wanda ya taɓa karanta ta daga farko zuwa ƙarshe.

TUBALAN ƘIRGA

Mutumin da ke da goro 12 zai iya raba shi daidai ga mutum 2, ko 3, ko 4, ko 6. Amma in goron 13 ne, to, babu yadda zai yi rabon daidai ba tare da ya ɓara wani ba, sai dai ya ba mutum ɗaya duka, ko ya samo mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaya. Irin su 13 su ne lambobi marasa rabuwa, waɗanda ɗalibai suka sani a makaranta da sunansu na Turanci, watau firaim namba, Larabawa kuwa suna kiran irinsu adad awwali. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23 da 29. Ba a sa 1 a cikinsu, kuma 2 kaɗai ce mai biyu-biyu a cikin dangin.

Darajarsu ita ce da su aka gina dukkan sauran lambobi. Lambar 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5. Lambar 1,001 ita ce 7 sau 11 sau 13. Kowace lamba mai rabuwa, komai girmanta, in aka yi ta farfasa ta, a kan marasa rabuwa za a tsaya, kuma ko ta wane gefe aka fara farfasawar, tubalan da za a samu ba sa sakewa.

Idan ana hawa sama sai su riƙa ƙaranci. Daga 1 zuwa 100 akwai guda 25. Daga 1 zuwa 1,000 akwai 168. Daga 1 zuwa miliyan ɗaya kuwa 78,498 ne, watau ba su kai 8 cikin 100 ba. Wannan ya sa mutum zai yi tsammanin akwai inda za su ƙare. Amma wani masanin Girka mai suna Yuklid, wanda Larabawa ke kira Uƙlidis, ya zauna a birnin Iskandariyya na ƙasar Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kawo hujjar cewa ba su da ƙarshe, kuma hujjar ba ta fi ƙarfin ɗan sakandare ba.

Ga yadda take. A ce wani ya zo da jerin lambobi marasa rabuwa ya ce su ke nan, babu saura. Sai a buga su duka da juna, a ƙara 1 a kan abin da aka samu. Wannan sabuwar lamba, kowace daga cikin na jerin aka raba ta da ita, sai 1 ya rage. Saboda haka, ko dai ita kanta marar rabuwa ce, ko kuwa akwai wata marar rabuwa da ke raba ta wadda ba ta cikin jerin. Ta kowane hali dai jerin bai cika ba. Misali, 2 sau 3 sau 5 a ƙara 1 ya ba da 31, marar rabuwa. Haka kuma 2 sau 3 sau 5 sau 7 sau 11 sau 13 a ƙara 1 ya ba da 30,031, wadda ita ce 59 sau 509, lambobi biyu da ba sa cikin jerin. Ke nan tun fiye da shekara 2,000 an san cewa akwai wadda ta fi lambar Durant. Wahalar ita ce a nuna ta da yatsa.

ALKAMA A KAN ALLON DARA

Lambar Durant tana cikin wani dangi na musamman, kuma hanya mafi sauƙi ta gane dangin ita ce wani tsohon labari da masanin tarihi Ibnu Hallikan ya rubuta a shekarar 1256. An ce wani mai hikima ya ƙirƙiro wa sarkin Indiya wasan dara mai gida 64, wanda Larabawa ke kira shaɗaranji. Sarki ya ce ya faɗi ladansa. Shi kuwa ya ce a sa masa ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, takwas a na huɗu, a yi ta ninkawa har gida na 64. Sarki ya raina abin, amma da masu lissafi suka tara, sai suka sami ƙwaya 18,446,744,073,709,551,615, abin da rumbunan duniya duka ba su da shi.

A lura da yadda jimlar ke tafiya. Gida 2 suna ba da 3, gida 3 suna ba da 7, gida 4 suna ba da 15, gida 5 suna ba da 31, gida 6 suna ba da 63, gida 7 kuwa 127. Kowace jimla, ɗaya ne ya rage mata ta cika 4, ko 8, ko 16, ko 32, da sauransu. To, lambar Durant ita ce yawan alkamar da za a tara a kan allo mai gida 136,279,841. In an so a faɗa da harshen aji, a jera 2 har guda 136,279,841, a buga su da juna, sa'an nan a cire 1.

A cikin waɗancan jimloli, 3 da 7 da 31 da 127 ba sa rabuwa, amma 15 da 63 suna rabuwa. Dalili kuwa ƙa'ida ce tabbatacciya: muddin yawan gidajen yana rabuwa, kamar 4 ko 6 ko 64, to, jimlar ma za ta rabu. Ladan mai hikimar nan, alal misali, 3 tana raba shi, 5 ma haka. Saboda haka mai nema ba ya ɓata lokaci sai a kan allon da yawan gidajensa ba ya rabuwa, kuma 136,279,841 tana cikin irin waɗannan. Sai dai wannan sharaɗi bai wadatar ba. Lambar 11 ba ta rabuwa, amma jimlar gida 11, watau 2,047, ita ce 23 sau 89. Wani masani mai suna Hudalricus Regius ya nuna haka a shekarar 1536.

Ana kiran dangin da sunan Marin Mersenne, wani malamin addinin Kirista ɗan ƙasar Faransa, wanda ya rayu daga 1588 zuwa 1648. A shekarar 1644 ya buga jerin gidajen da ya ce su ne ke ba da lambobi marasa rabuwa, daga 2 har zuwa 257, watau 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba, kuma a zamaninsa babu mai ikon gwada manyan cikinsu. Sai da aka shafe kusan shekara 300 kafin a gama tantance jerin, aka tarar ya yi kuskure biyar: 67 da 257 ba su cancanta ba, sa'an nan ya tsallake 61 da 89 da 107.

AIKIN HAƘURI

Tantancewar ta ci zarafin mutane da yawa. A shekarar 1772 shahararren masani Leonhard Euler, ɗan ƙasar Suwizalan, ya tabbatar da cewa jimlar gida 31, watau 2,147,483,647, ba ta rabuwa, kuma a lokacin ya riga ya makance. A shekarar 1876 Edouard Lucas na Faransa ya tabbatar da ta gida 127, mai alƙaluma 39. Ita ce mafi girma da aka taɓa tabbatarwa da hannu a cikin wannan dangi, kuma ta shekara 75 ba a sami marar rabuwa da ta fi ta ba.

Labarin gida 67 ya fi kowane ban sha'awa. Lucas ya nuna cewa jimlarsa tana rabuwa, amma bai san masu raba ta ba. A watan Oktoba na 1903, a wani taron masana lissafi a birnin New York, aka kira Farfesa Frank Nelson Cole ya gabatar da takardarsa. An ruwaito cewa bai ce uffan ba. Ya nufi allo ya lissafa jimlar gida 67, ya sami 147,573,952,589,676,412,927. Ya koma ɗaya gefen ya buga 193,707,721 sau 761,838,257,287. Amsa ta zo daidai, ya koma mazauninsa, jama'a suka dinga tafi. Daga baya aka ruwaito cewa ranakun Lahadi na shekara uku ya kashe a kan wannan aiki. Hausawa dai sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse.

YADDA AKE GANE TA BA TARE DA RABAWA BA

Hanyar da kowa ya sani ta gwada lamba ita ce a yi ta raba ta da ƙananan lambobi a ga ko za a dace. Ibnul Banna, masanin birnin Marrakish na ƙasar Maroko, wanda ya rasu a 1321, ya nuna cewa ba sai an bi su duka ba. Wanda ke gwada 97 zai tsaya a kan 7, domin marar rabuwa ta gaba ita ce 11, kuma 11 sau 11 ya riga ya wuce 97. Wannan ya rage aiki ƙwarai, amma ga lambar Durant wurin tsayawar kansa lamba ce mai alƙaluma fiye da miliyan 20. Ko da an haɗa dukkan kwamfutocin duniya, sun yi ta rabawa tun daga halittar duniya, da ba su taɓa ko gefen aikin ba.

Mafita ta fito daga Lucas, sa'an nan Ba'amurke Derrick Lehmer ya kammala ta a shekarar 1930. Dabarar tana aiki ne ga dangin Mersenne, kuma ga yadda take. A fara da 4. A buga ta sau kanta, a cire 2, a raba da lambar da ake gwadawa, a riƙe ragowar. A ɗauki ragowar a maimaita. Yawan zagayen shi ne yawan gidaje a cire 2. In ragowar ƙarshe sifiri ce, lambar ba ta rabuwa. In wani abu ya rage, tana rabuwa.

Mu gwada 31, jimlar gida 5, wadda ke bukatar zagaye 3. Zagaye na farko, 4 sau 4 a cire 2 ya ba da 14. Na biyu, 14 sau 14 a cire 2 ya ba da 194, in an raba da 31 sai 8 ya rage. Na uku, 8 sau 8 a cire 2 ya ba da 62, watau 31 sau 2 cif, ba ragowa. Ke nan 31 ba ta rabuwa. In aka yi wa 2,047 haka, bayan zagaye 9 sai 1,736 ya rage, alamar tana rabuwa. Abin lura shi ne dabarar ba ta faɗin masu raba lambar, hukunci kawai take yankewa. Wannan ne ya sa Lucas ya san halin gida 67, amma sai bayan shekara 27 Cole ya fito da masu raba ta.

Wannan lissafi da muka yi yanzu, shi ne ainihin wanda aka yi wa lambar Durant. Bambancin kawai, zagayen 136,279,839 ne, kuma a kowane zagaye ana buga lamba mai alƙaluma miliyoyi sau kanta. Kuskuren alƙalami ɗaya a zagaye ɗaya ya isa ya rushe aikin duka.

ZUWAN KWAMFUTA

Da kwamfuta ta shigo sai al'amari ya sake. A shekarar 1952 kaɗai, Raphael Robinson ya yi amfani da wata kwamfuta mai suna SWAC a birnin Los Angeles ya gano sababbi biyar, na gida 521, 607, 1,279, 2,203 da 2,281. A 1963 aka gano ta gida 11,213 a Jami'ar Illinois, har sashen lissafi na jami'ar ya riƙa buga labarin a hatimin wasiƙunsa. A 1978 kuwa wasu 'yan makarantar sakandare biyu a Kalifoniya, Laura Nickel da Landon Curt Noll, masu shekara 18, suka sami izinin amfani da kwamfutar wata jami'a da ke kusa da su, suka gano ta gida 21,701, mai alƙaluma 6,533, wadda ta zarce duk abin da farfesoshi suka sani a lokacin.

A shekarar 1996 wani masanin kwamfuta mai suna George Woltman ya kafa shirin da ake kira GIMPS. Tsarinsa irin na aikin gayya ne. Duk mai kwamfuta da intanet zai iya sauke manhajar kyauta, a ba shi gidan da zai gwada, kwamfutarsa ta riƙa aikin a lokutan da ba ta yin komai, in ta gama ta aika da sakamako. Daga ƙarshen 1996 zuwa 2024, duk sabuwar lambar Mersenne marar rabuwa da aka gano, ta wannan shiri ta fito, guda 18 ke nan. Wadda ta gabaci ta Durant, Patrick Laroche na Jihar Florida ne ya gano ta a watan Disamba na 2018, tana da alƙaluma 24,862,048.

Shi Durant tsohon ma'aikacin kamfanin Nvidia ne, mai ƙera na'urorin sarrafa hoto na kwamfuta, kuma ya san cewa waɗannan na'urori sun ƙware wajen yin lissafi mai yawa a lokaci guda. Daga watan Oktoba na 2023 ya shiga hayar dubbansu a manyan gidajen kwamfuta da ke ƙasashe 17, ya haɗa su suna aiki tare. Ranar 11 ga Oktoba 2024, wata na'ura a birnin Dablin na ƙasar Ailan ta nuna alamar an dace. Washegari wata a birnin San Antonio na Jihar Texas ta tabbatar ta hanyar dabarar Lucas da Lehmer. Duk da haka ba a ba da sanarwa ba sai da wasu mutane suka maimaita gwajin da manhajoji dabam-dabam a kan na'urori dabam-dabam, amsarsu ta zo ɗaya. Jaridun Amurka sun ba da labarin cewa ya kashe kusan dala miliyan 2 daga aljihunsa, alhali ladan da shirin ke bayarwa dala 3,000 ne.

SIFFOFIN LAMBAR

Ita ce ta 52 da aka sani a dangin Mersenne. Tana farawa da alƙaluma 881, tana ƙarewa da 551. Ƙarewarta da 1 ba dace ba ne, domin in aka cire 3, kowace marar rabuwa a wannan dangi da 1 ko 7 take ƙarewa, kamar 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Haka kuma kowaccensu in an raba ta da 6 sai 1 ya rage. A ƙirgar kwamfuta, wadda ba ta san komai ba sai 0 da 1, rubuta ta ba wuya: alƙalamin 1 ne a jere har sau 136,279,841, babu sifiri ko ɗaya. Wannan siffa ce ke sauƙaƙa wa na'ura raba wasu lambobi da ita, shi ya sa 'yan wannan dangi suka daɗe suna riƙe da kambun girma.

Akwai kuma ƙa'idar da Pierre de Fermat na Faransa ya gano a 1640. Duk lambar da za ta raba jimlar wani allo mai gidaje marasa rabuwa, tilas ta kasance ninkin yawan gidajen sau biyu, ko sau huɗu, ko sau shida, da sauransu, a ƙara 1. Dubi 2,047 ta gida 11: 23 ita ce 11 sau 2 a ƙara 1, 89 kuwa 11 sau 8 a ƙara 1. Saboda haka tun kafin a kunna na'ura an san babu lamba ƙasa da 272,559,683 da za ta iya raba lambar Durant.

Daɗin daɗawa, gano ta ya haifar da gano wata. Mutanen da suna girmama abin da suka kira cikakkiyar lamba, watau wadda in an tara masu raba ta, ban da ita kanta, sai ita ta fito. Misali 6 ita ce 1 da 2 da 3, 28 kuwa 1 da 2 da 4 da 7 da 14. Yuklid ya nuna cewa in jimlar allo ba ta rabuwa, aka buga ta sau ƙwayoyin gidan ƙarshe, cikakkiyar lamba ce za ta fito: 3 sau 2 ya ba da 6, 7 sau 4 ya ba da 28, 31 sau 16 ya ba da 496, 127 sau 64 ya ba da 8,128. Ibnul Haisam, masanin Basra da ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi ƙoƙarin nuna cewa ta wannan hanya kaɗai ake samun masu biyu-biyu a cikinsu, Euler kuma ya kammala hujjar. Don haka lambar Durant ta zo da cikakkiyar lamba ta 52, mai alƙaluma fiye da miliyan 82.

TO, INA AMFANINTA?

Gaskiyar magana ita ce, ita wannan lamba ba a san wani aikin kasuwa ko na ofis da za ta yi ba. Amma tarihin wannan fanni ya koya wa mutane su yi hattara da cewa ilmi kaza ba shi da amfani. A shekarar 1940 Farfesa G. H. Hardy na Jami'ar Cambridge a Ingila ya rubuta littafi yana alfahari da cewa nazarin lambobi ya yi nesa da harkokin yau da kullum, kuma ba a sami hanyar yin yaƙi da shi ba. Bayan shekara 37, watau a 1977, wasu malamai uku na Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman, suka fito da tsarin kulle saƙo da ake kira RSA, wanda ya dogara kacokan a kan lambobi marasa rabuwa.

Asirin tsarin shi ne haɗawa tana da sauƙi, warwarewa kuwa da wuya. Ɗalibi zai buga 89 sau 97 cikin minti ɗaya ya sami 8,633. Amma in aka ba shi 8,633 aka ce ya nemo tubalanta, sai ya yi ta gwaji. To, banki ko ma'aikata kan zaɓi lambobi biyu marasa rabuwa, kowace mai alƙaluma 300 da 'yan kai, a buga su da juna, a bayyana sakamakon ga kowa domin kulle saƙo, a ɓoye tubalan biyun domin buɗewa. A 1977 an buga wata lamba mai alƙaluma 129 a mujallar Scientific American, aka sa ladan dala 100 ga wanda ya warware ta. Sai a 1994 aka iya, bayan mutum wajen 600 sun haɗa kwamfutocinsu na tsawon wata takwas. Ma'aikacin da ya sa katinsa a na'urar banki domin cirar albashi, da ɗalibin da ya biya kuɗin jarrabawa ta intanet, irin wannan lissafi yana cikin abubuwan da ke tsare musu dukiya. Lambar Durant ba za ta yi wannan aiki ba, domin mabuɗin da kowa ya sani ba mabuɗi ba ne, amma ƙa'idojin Fermat da Euler da aka gina RSA a kansu, wajen irin wannan nema aka same su.

Har ila yau, neman yana zama jarrabawa ga na'urori. A 1994 Farfesa Thomas Nicely na Kwalejin Lynchburg a Jihar Virginia yana lissafi a kan lambobi marasa rabuwa, sai ya ga amsarsa ba ta daidaita. Da ya bi diddigi ya tarar sabuwar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta Pentium ce ke kuskure a wasu rabe-rabe. Kamfanin Intel ya ware dala miliyan 475 domin musanya wa jama'a. Manhajar GIMPS ma masu haɗa kwamfuta sun daɗe suna amfani da ita wajen gwada ƙarfin sabuwar na'ura.

Wannan abin tunani ne ga waɗanda ke tsara kasafin ilmi da waɗanda ke zaɓen abin da za su karanta. Tsakanin ƙa'idar Fermat ta 1640 da tsarin RSA akwai shekara 337, kuma da an auna aikin Fermat da ma'aunin ribar shekara guda, da an ce ɓata lokaci ne.

Fagen kuwa bai rufe ba. Masana ba su sami hujjar ko lambobin Mersenne marasa rabuwa suna da iyaka ko ba su da ita ba. Ba a taɓa ganin cikakkiyar lamba wadda 2 ba ta raba ta ba, ba a kuma tabbatar da cewa babu ita ba. Lokacin da aka sanar da lambar Durant ma ba a gama tantance dukkan gidajen da ke ƙasa da nata ba, saboda haka wata tana iya ɓoyewa a tsakani. Wata ƙungiya a Amurka mai suna Electronic Frontier Foundation ta sa ladan dala 150,000 ga wanda ya fara gano marar rabuwa mai alƙaluma miliyan 100.

Ɗalibin da ke son ya ɗanɗana aikin ba ya bukatar dala miliyan 2. Ya ɗauki biro da takarda ya gwada 127, jimlar gida 7, ta hanyar Lucas da Lehmer. Zagaye 5 ne. In ya sami ragowar 111 a zagaye na huɗu, to, yana kan hanya, saura ya ga abin da na biyar zai ba shi.